Wa Ya Raɗa wa Mugu Suna?

Muna yara, duk fim ɗin Indiya da muka zauna kallo, mutum biyu muke fara lalube a cikinsa: jarumi da bos. Jarumi shi ne wanda za a kashe wa uba ko a ƙwace wa gona, ya sha baƙar wuya, ya rera waƙa, daga ƙarshe ya ɗauki fansa. Bos kuwa mai katafaren gida ne da yara riƙe da bindigogi, yana zaune a kujera yana ba da umarni. Duk wanda ya ga Amrish Puri a fim ɗin Mr. India na 1987 ya san irin mutumin da nake nufi. Bos kalmar aro ce daga Turanci, su ma Amurkawa daga mutanen Holan suka aro ta, kuma ma'anarta ba ta wuce maigida ko ubangidan aiki ba. Mu 'yan kallo ne muka ɗauke ta muka liƙa wa azzalumi, saboda a idonmu sai mai iko ke da halin yin irin wannan ɓarna.

Sai da na yi nisa a karatu na gane cewa Bature ba bos yake kiran wannan mutum ba. "Villain" yake ce masa. Na daɗe ina amfani da kalmar ban damu da inda ta fito ba, har ranar da na bi sawunta a ƙamus, na tarar asalinta manomi ne. Manomin ma ba mai gonar kansa ba, ɗan gandu mai noma ƙasar wani. Tun daga ranar nake bin kalmomin da Turanci ke kiran macuta da miyagu da su, ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na riƙa tararwa ya dame ni. Da yawa daga cikin tsofaffin nan sunayen talakawa ne da aka juya suka koma zagi.

A zamanin Rumawa, "villa" gidan gona ne na attajiri, haɗe da ƙasar noman da ke kewaye da shi. Mai aiki a wannan gandu shi ne "villanus". Kalmar ta bi ta Faransanci, ta tsallaka Ingila tare da mutanen Normandi da suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Bayan shekara 20, a 1086, Sarki William ya sa aka ƙirga masa ƙasa da dabbobi da mutane don ya san abin da ya mallaka da harajin da zai karɓa. A cikin wannan babban kundi mai suna Domesday, babu rukunin jama'a da ya kai waɗannan 'yan gandu yawa. Da tafiya ta yi tafiya, doka ta ɗaure su da ƙasar ubangidansu. Ba a kai su kasuwa kamar bayi, amma ba su da ikon tattara komatsansu su koma wani gari. Kowane mako akwai ranakun da dole su bar nasu aikin su yi na ubangida. Hatsinsu a maniƙarsa za a niƙa, kuma a biya. In mutum zai aurar da 'yarsa sai ya kai wa ubangida kuɗi, in ya mutu ubangida ya zo ya zaɓi mafi kyau a cikin dabbobinsa ya kora.

Waɗannan bayin Allah su suka ciyar da Ingila, amma alƙalami ba a hannunsu yake ba. Masu rubutu 'yan fada ne da malaman coci, kuma a wurinsu ɗan gandu mutum ne mai kaushin hannu da kaushin hali, marar asali, wanda ba a sa ran alheri daga gare shi. Daga marar asali aka koma marar tarbiyya, daga nan aka zarce zuwa mai mugun nufi. A 1381 manoman Kent da Essex suka gaji da harajin kai da aka yi ta ɗora musu, suka yi gangami suka shiga Landan ƙarƙashin Wat Tyler, suna neman a soke wannan bauta. Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya fito ya yi musu alkawari, har aka rubuta takardu. Washegari aka sari Tyler a gaban sarki a filin Smithfield, ya mutu, taro ya watse, aka janye alkawarin, aka bi jagororin aka kashe. In aka tambaye ni wanda ya ci amana a wannan rikici, na san amsar da zan bayar. Sai dai harshen Turanci ya riga ya yanke nasa hukuncin, sunan manomin ne ya zama sunan mugu. Gidan da yake wa bauta kuwa sai ƙara ɗaukaka yake yi. Har yau in ɗan Najeriya ya ce wane ya shiga "Villa", fadar shugaban ƙasa yake nufi a Abuja.

Da a ce wannan kalma ce kaɗai, sai a ce tsautsayi ne ya faɗa mata. To amma dubi 'yan uwanta. "Churl" a tsohon Turanci talaka ne mai 'yanci, ba bawa ba, ba basarake ba. Yau marowaci ne mai ɗaure fuska. "Boor" manomi ne, tushensa ɗaya da "Boer", sunan Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan. Yau bagidaje ne da bai iya zama cikin mutane ba. "Rascal" daga Faransanci ta zo, tana nufin tarkacen jama'a, 'yan ku-ci-ku-ba-mu. "Varlet" yaron barde ne mai kula masa da doki da makamai. "Cad" kuwa ɗaliban Oxford da Eton, 'ya'yan masu hali, suke kiran samarin gari masu jiran a aike su, an kuma kira yaron motar haya ta dawaki a Landan da ita. A yau namiji ne da ke yaudarar mace ya watsar da ita.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "knave". Asalinta yaro, ɗa namiji, shi ke nan. Jamusawa har yanzu suna da 'yar uwarta "Knabe" da wannan ma'ana. Daga yaro ta koma yaron gida, kamar yadda mu ma muke cewa yaron wane ko da mutum ya yi furfura, in dai a ƙarƙashin wani yake ci. Daga yaron gida ta koma maha'inci. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane yadda aka yi. In cokali ya ɓata, in canjin cefane bai cika ba, wa ake fara tuhuma? Masu gida sun yi ta kiran yaransu maƙaryata har sunan aikin ya narke cikin zargin. Wasannin Shakespeare cike suke da wannan zagi, amma yau ta kusa ɓacewa daga bakin mutane, sai a wajen karta. Takardar nan mai harafin J da ke bin bayan sarki da sarauniya, a da "knave" ake kiranta, wato baran sarki. "Jack" sunan da talakawa ke kiranta da shi ne, kuma masu ji da kansu suna ganin faɗinsa ƙasƙanci ne. A littafin Great Expectations na Charles Dickens, na 1861, wata yarinya 'yar gata ta wulaƙanta wani maraya da ya tashi a gidan maƙeri saboda suna wasan karta ya kira takardar da sunan talakawa. Yaron ya koma gida yana jin kunyar hannayensa da takalmansa, abin da bai taɓa ji ba kafin ranar.

Sai "blackguard". A ƙarni na 16, mafi ƙasƙancin ma'aikata a gidajen sarautar Ingila su ne yaran madafa, masu wanke tukwane da ɗaukar gawayi. In sarki zai yi tafiya, suna can ƙarshen ayari tare da tukwanen, baƙin tukunya ya shafe su. Aka yi musu laƙabin ba'a, baƙaƙen dogarai. Kalmomin biyu suka haɗe suka zama ɗaya, ta koma sunan tantiri marar kunya marar mutunci, zagin da manya ke yi wa juna in rai ya ɓaci ƙwarai. Yaron da ya wanke tukunyar da sarki ya ci abinci daga cikinta, abin da aka gada daga gare shi ke nan.

Juya tabarmar ka ga ɗaya gefen. "Noble", mai ɗaukakar hali, asalinsa basarake. "Gentle", mai taushin hali, asalinsa ɗan babban gida. "Generous", mai kyauta, shi ma haifaffen gidan asali ne tun a Latin. "Courteous", mai ladabi, shi ne mai halin 'yan fada. Harshen ya raba gado, ya ba fada kyawawan halaye, ya bar wa gona da madafa munana.

Akwai kuma inda abin ya wuce zagin baki ya shiga kundin doka. A ƙarni na 16 hanyoyin Ingila sun cika da marasa matsuguni. Masu ƙasa sun killace filaye sun mai da gonaki makiyayar tumaki saboda ulu na kawo kuɗi. Sarki Henry na Takwas, tun daga 1536, ya rushe gidajen masu zaman zuhudu na coci, waɗanda a da mabuƙaci kan samu sadaka a ƙofarsu. Sojoji sun dawo daga yaƙi ba sana'a. A wannan zamani ne kalmar "rogue" ta bayyana, tana nufin mabaraci mai ƙoshin lafiya da ke yawo gari gari. Dokar 1572, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, ta ce duk wanda ya haura shekara 14 aka kama shi a wannan hali, a yi masa bulala, a huda guringuntsin kunnensa na dama da jan ƙarfe, sai fa in wani mai hali ya yarda ya ɗauke shi aiki na shekara guda. In ya ci gaba da maimaitawa, rataya ce ƙarshensa. Cikin waɗanda dokar ta lissafa har da 'yan koli, da masu gyaran tukwane, da makaɗa, da 'yan wasan kwaikwayo marasa ubangida, abin da ya sa ƙungiyoyin wasa irin ta su Shakespeare suke fakewa da sunan wani babban bafade. Har da ɗaliban Oxford da Cambridge masu bara ba tare da hatimin jami'arsu ba. Mutumin da aka huda wa kunne ba lallai ya taɓa sata ko yaudarar kowa ba. Laifinsa ba shi da ubangida, ba shi da wurin kwana. Daga jikinsa kalmar ta tashi ta zama sunan ɗan damfara.

Ɗaliban nan masu bara su suka dawo da ni gida, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma arziki dukiya ne, kuma ɗan arziki mutumin kirki ne. Tsiya talauci ce, kuma matsiyaci a bakinmu yana iya zama wanda ba shi da ko sisi, yana iya zama wanda ba a zama lafiya da shi. Baƙauye mazaunin ƙauye ne, amma ba wanda ke son a ce ya yi ƙauyanci, alhali daga ƙauyen hatsi ke shigowa birni. Almajiri kuwa, wanda ya bar gida don neman ilimi, suna ne da manyan malamai ke kiran kansu da shi cikin alfahari, su ce mu almajiran wane ne. Yau a bakin mutane da yawa ya koma mai roƙo a ƙofar gida, a wasu jaridun Turanci ma ya zama yaron da ake tsoro in rikici ya tashi. Tafiyar da "knave" ta yi cikin ɗaruruwan shekaru, almajiri na yin ta a gaban idonmu.

Akwai wani gida na kalmomi a Turanci da na fi ganin adalcinsa, saboda aikin mutum yake kallo, bai tambayi ubansa ba. Yawancinsu 'ya'yan kasuwa ne da birni. "Mountebank" daga Italiyanci take, ma'anarta mai hawa benci: mai tallar magani da ke hawa kan abu a dandali don taro ya gan shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa ya ji mai lasifika a kan mota yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ciwon baya, ya ga wannan mutum da idonsa. Ba masu maganin gargajiya na gaskiya nake nufi ba, su ba su cika kururuwa ba. "Charlatan" ma daga Italiya ta zo, an gauraya kalmar surutu da sunan mutanen garin Cerreto, waɗanda aka sani da yawon tallar magani. Yau ana faɗinta ga duk mai da'awar ilimin da ba shi da shi, ko malami ne ko masanin tattalin arziki. "Quack" gutsuren wata kalmar mutanen Holan ce mai nufin mai kurarin man shafawa, ta tsaya a kan likitan bogi. "Swindler" ta shigo daga Jamusanci a ƙarni na 18, kuma a can tana da alaƙa da jiri, mutumin da kansa ke juyawa da dabarun kuɗi har ya juyar da kan wasu.

Amma wadda ta fi kama zuciyar lamarin ita ce "con man". A 1849 aka kama wani mai suna William Thompson a New York. Sana'arsa ita ce ya ci ado, ya tari mutumin kirki a titi kamar tsohon sani, su gaisa, sannan ya tambaye shi ko ya amince da shi har ya ba shi ajiyar agogonsa zuwa gobe. Mutane suna cirewa su miƙa masa, don kunyar a ce sun manta da aboki ko sun zargi mai mutunci. Jaridar New York Herald ta kira shi "confidence man", wato mai cin abinci da amincewa, daga baya aka gajarta. Bai fasa ƙofa ba, bai zare wuƙa ba. Kyakkyawan zaton mutum ya mai da makaminsa. Bahaushe ya daɗe da sunan wannan, zamba cikin aminci, kuma ina ganin ba fassarar da ta fi ta dacewa.

Wani lokaci sunan macucin kansa ke zama kalmar. Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, a shekarar 1920, yana biyan na farko da kuɗin na baya har asiri ya tonu. Sunansa ya zama sunan dabarar, kuma waɗanda MMM ta rufe wa kuɗi a Najeriya a Disambar 2016, bayan alkawarin kashi 30 a wata, sun ɗanɗani irinta. Wani lokaci kuma lambar doka ce. A Indiya sashe na 420 na tsohon kundin laifuffuka shi ya yi magana kan zamba, har lambar ta zama sunan mazambaci, Raj Kapoor ya sa ta a sunan fim ɗinsa Shree 420 a 1955. A 2024 Indiya ta maye gurbin kundin da sabo, amma lambar na nan a bakin jama'a. Haka 419 take, sashe ne na kundin laifuffukan da ke aiki a Kudancin Najeriya, ta fita ta shiga Turancin duniya. Ina jin ciwon yadda ake shafa wa ƙasa guda baƙin jini da ita, amma ita lambar a karan kanta aiki ta ambata: karɓar dukiyar wani da ƙarya.

"Crook" ita ce ta yau da kullum, wadda direba da ɗan jarida duk suke faɗi. Asalinta abu mai lanƙwasa, ƙugiya ko sandar makiyayi, sai Amurkawa suka ɗora ta a kan mai lanƙwasasshen hali. Nan ba mu da saɓani da su, mu ma muna cewa a miƙe hanya, muna cewa wane ba ya tafiya daidai. Ta bambanta da 'yan uwanta. "Liar" baki kawai ta kama, "cheat" mai maguɗi ne a jarrabawa ko wasa ko awo, "fraud" tana iya zama laifin tana iya zama mutumin da duk rayuwarsa jabu ce, "scoundrel" kuwa hukunci ne a kan hali gaba ɗaya, kuma yau ta tsufa, an fi cin karo da ita a littafi. "Crook" ita ce ke da ƙafar hawa bene. Tana kama ɗan sane, tana kama shugaba. A Nuwambar 1973, tsakiyar badaƙalar Watergate, Shugaban Amurka Richard Nixon ya tsaya gaban editocin jaridu a Florida ya ce shi ba "crook" ba ne. Kalmar ta manne masa tun daga ranar, kafin shekara ta zagayo ya sauka daga mulki.

Irin wannan kalma ba ta da yawa. Harshen da ya tara sunaye barkatai don ɓarawon da ke tafe a ƙasa ya yi ƙarancin suna ga ɓarawon da ke zaune a ofis. Sai a 1939 masanin zamantakewa Edwin Sutherland ya ƙirƙiro "white-collar crime", laifin masu farar riga, don ya nuna wa abokan aikinsa cewa sun ɓata shekaru suna neman tushen laifi a unguwannin talakawa alhali manyan kamfanoni na karya doka ba a kiransu masu laifi. Dubi ma yadda sunan ya fito da tsabta, rigar aka ambata.

Su kuwa tsofaffin zagin, wasu sun yi sanyi. Kaka Baturiya takan kira jikanta "rascal" tana dariya, kamar yadda tamu ke cewa ja'iri ko shaƙiyyi. "Rogue" ta zama mai ƙiriniyar da ake so duk da halinsa. Ta kuma zama siffa: giwar da ta ware daga garke ta haukace, ƙasar da ta bijire wa manyan ƙasashe, ma'aikacin da ya yi gaban kansa. Da Nick Leeson ya jawo wa bankin Barings asarar fam miliyan 827 daga ofishinsa na Singafo a 1995, bankin da aka kafa tun 1762 ya durƙushe, aka sayar da shi a kan fam 1. "Rogue trader" aka kira shi. Sunan ya yi wa kowa daɗi, don yana nuna giwa ɗaya ce ta ware, garken lafiya lau yake, alhali waɗanda ke sama da shi sun bar shi yana ciniki yana kuma duba lissafin kansa da kansa. Shi ma ya sa wa littafin tarihinsa wannan suna, aka yi fim da shi. Kalmar da aka huda wa mabaraci kunne saboda ita ta zama ado a bangon littafi.

Taushin nan bai iso ga kowa ba. A 1824, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun bar tsofaffin sojoji suna kwana a titi, Ingila ta sake yin dokar da ta kira irinsu "rogues and vagabonds". Wannan lafazi ya bi jiragen mulkin mallaka. Yana nan a sashe na 250 na kundin laifuffukan Kudancin Najeriya, kuma kundin Arewa da ya fara aiki a 1960 shi ma yana da nasa tanadin kan mai zaman banza da mai gararamba. A Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bayyana ra'ayinta cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, saboda halin da mutum ke ciki suke hukuntawa, talauci da rashin aiki da rashin matsuguni. Majalisar Birtaniya kanta sai a 2022 ta amince a soke dokar 1824.

Mulkin mallaka ya kai kalmomi, ya kuma ɗebo wasu. "Thug" daga harshen Hindi take, inda take nufin mayaudari. A shekarun 1830 jami'in Birtaniya William Sleeman ya jagoranci farautar gungun 'yan fashi da ke abota da matafiya sannan su shaƙe su, aka bayyana su a matsayin ƙungiyar asiri da ake gadon kisa a cikinta. Masana tarihi na yau suna muhawara kan yawan gishirin da aka zuba a labarin. Abin da ba a musu a kai shi ne, tunanin cewa ana haihuwar mutum da laifi ya kai ga dokar 1871 da ta ayyana al'ummomi sukutum a matsayin ƙabilun masu laifi, sai bayan 'yancin Indiya aka soke ta. A nan gida, "thug" ce jaridu ke kiran 'yan bangar siyasa da ita. Yaron da ya riƙe gora shi ke ɗaukar sunan. Wanda ya saya masa gorar da ƙwayar kuwa, in an ambace shi, jigo ake ce masa.

Sai "miscreant", wadda sanarwar jami'an tsaro a Najeriya ba ta cika rabuwa da ita ba, ita da "hoodlum". Asalinta a tsohon Faransanci mai ɓataccen imani, kafiri, kuma a rubuce-rubucen zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya Musulmi ake nufi da ita. Daga baya addinin ya zube, ƙyamar ta rage. A Ingila yau ta zama tsohuwar kalma da ba a cika faɗi da gaske ba, a wurinmu kuwa tana da rai, tana da haƙora.

Shekarun baya, lokacin da nake fassara labarai a wani gidan rediyo, aka miƙo mini irin wannan sanarwa haɗe da hoto. Samari ne zaune a ƙasa ba riguna, an jera wuƙaƙe da wayoyi a gabansu, na ƙarshen layin bai fi shekara 15 ba a ganina. Sanarwar ta kira su "miscreants". Hannuna ya riga ya saba, na rubuta ɓata-gari, don ita muke sa wa kullum. Sai na sake karanta takardar tun daga sama, ina neman abin da kowannensu ya aikata. An ce an kama su a samame cikin dare, an ce ana ci gaba da bincike. Babu sunan wanda aka cuta, babu ranar zuwa kotu. Mai yiwuwa akwai mai laifi a cikinsu, mai yiwuwa akwai wanda barci kawai ya ɗauke a bakin shago. Na goge ɓata-gari na rubuta samari. Editanmu, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya duba ya ce, "Malam, ina ɓata-garin suka shiga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a kai su gaban alƙali ba tukuna." Ya ɗan jima yana kallon hoton, ya sa hannu a takardar, ya ce in yi sauri in kai, mai karanta labarai na jira.